Kyamarar da Baba Tanimu Ya Saya da Kuɗin Kekensa

Duk wanda ya taɓa raka Baba Tanimu kasuwar Tudun Wada ya san ba ya sayen abu sai ya sansana shi. Ba nama ko manja kaɗai ba, har kwaɗon ƙofa da batirin rediyo. Zai ɗaga abin ya kai hanci, ya lumshe ido, mai kaya na tsaye yana kallon ikon Allah. In ya ce, "Wannan ya kwana a ruwa," to magana ta ƙare, ko kyauta ne ba zai karɓa ba. Ranar da Yaya Sani ya shigo da sabon babur yana ta washe baki, Baba Tanimu ya durƙusa ya sansana tankin, ya miƙe ya ce, "Allah ya sanya alheri. Amma wani ya riga ka hawa." Kwana uku Yaya Sani bai gaishe shi ba. Daga baya aka gano fentin ne kawai sabo.

An ce yau, da yake sadakar arba'in ɗinsa ce, kowa ya faɗi abin da yake tunawa. Kun san ba na iya magana a taro, shi ya sa na rubuta nawa.

Saboda baƙin da suka zo daga nesa: Baba Tanimu ƙanin kakanmu marigayi ne, kuma a da mai hoto ne, yana da shago kusa da tasha. Tun kafin a haife ni rufin shagon ya rufta cikin wani ruwan sama, kyamararsa ta lalace. Daga nan bai sake ɗaukar kowa ba, bai kuma yarda wani ya ɗauke shi ba. In aka ɗaga masa waya sai ya rufe fuska da hannun riga ya ce, "Wannan ba hoto ba ne, leƙe ne!"

Bara bayan babbar Sallah, Baba Alhaji, yayan babana, ya tara gida ya ce an gama maganar rabon gado. Nan da mako biyu magina za su zo ranar Litinin su ja katanga ta tsakar gida. Ya ce kafin nan, ranar Lahadi, za a yi hoton dangi gaba ɗaya, zai kira wani yaro mai kyamarar zamani.

Hajiya Kaka tana jan carbi, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Wanda ya ɗauke ni ranar da na shigo gidan nan, shi zai ɗauke ni ranar da za a tsaga shi. In ba Tanimu ba ne, ku yi abinku, ina ɗaki."

Baba Alhaji ya ce, "Haba Hajiya, da me zai ɗauka? Da hularsa?"

Baba Tanimu ya miƙe ya kaɗe riga. "Ranar Lahadi kowa ya yi wanka. Sauran aikina ne."

Baba Alhaji ya ce to zai ba shi kuɗin kyamarar. Ya ƙi. Washegari ya tura kekensa kasuwa, keken nan da ko ƙararrawarsa ba ya bari mu taɓa, ya dawo a ƙasa. Abin da keken ya kawo shi ne duk abin da yake da shi.

Ranar Asabar ina wanke kayan makaranta ya tsaya a kaina. "Ke, Malama Shiru, ɗauko hijabinki. Ke kaɗai ce a gidan nan bakinki ba ya yoyo."

A cikin bas ɗin Kwangila ya yi mini bayanin abin da yake nema. Akwati ne baƙi mai ido biyu, ɗaya a kan ɗaya. Ba a manna shi a fuska, ta sama ake leƙawa kamar mai duba tukunya. Fim ɗinsa mai faɗi ne, kusan tafin hannu, hoto goma sha biyu kacal yake ɗauka. "Amma in aka wanke," in ji shi, "sai ki ƙirga gashin girar mutum."

Ina jinsa, amma hankalina yana wani wuri. Na daɗe ina lura da wasu abubuwa. In zai zuba shayi sai ya fara laluba bakin kofin da yatsa. Ba ya kiran sunan mutum sai mutumin ya fara magana. Wata safiya kuma na ga ya tsaya a zaure ya yi wa buhun gawayi sallama: "Malam Habu, an tashi lafiya?" Da bai ji amsa ba ya yi tsaki ya ce, "Girman kai," ya wuce. Ni kaɗai na gani, ban kuma faɗa wa kowa ba.

Shagon da muka shiga a Kwangila cike yake da tsofaffin agoguna da rediyoyi. Mai shagon matashi ne mai siririn gemu, ya sha turare har da na kwana biyu. Ya fito da kyamarar daga cikin gilashi tana ƙyalli, ya ce ɗaliban jami'ar da ke Samaru rububin irinta suke yi, saura ita kaɗai. Baba Tanimu ya karɓa. Wallahi rungume ta ya yi, kamar wanda aka miƙa wa jariri. Ya sansana ya ce, "Man takalmi," ya ɗan ɓata fuska, amma bai ajiye ba.

Suka shiga ciniki. Mai shago ya faɗi kuɗi, Baba ya ce, "Da shagon za ka ba ni?" Aka yi ta ja, har mutumin ya sauko daidai kuɗin keke. Sai Baba ya buɗe bayan kyamarar, ya ɗaga ta don ya duba idon a haske. Sai dai bango ya nufa da ita, ba ƙofa ba. Ya jima a haka yana gyaɗa kai, sannan ya miƙo mini.

"Ke duba, in ga ko ana koya muku wani abu a makarantar nan."

Na juya wajen ƙofa na duba. A cikin idon ƙasa akwai wani farin zare-zare, ya bazu kamar saƙar gizo. Na miƙa masa. Na buɗe baki, mai shago ya zuba mini ido, na fasa faɗa. Ina kallo Baba ya sa hannu a aljihu. Ya fito da ƙullin kuɗin, ya fara kwance leda. Sai kawai na ja hannun rigarsa.

"Baba, akwai abu a ciki."

"Me kika ce? Ɗaga murya, ba makoki muka zo ba."

"Akwai abu fari a cikin gilashin."

Mai shago ya yi dariya. "Ƙura ce, Baba. Hurewa za a yi."

Baba bai kalle shi ba. Ya ce da ni, "Tana da rassa?"

"Tana da su."

"Funfuna!" Ya dire kyamarar a kan teburi. "Ƙura mai rassa? Tun daga bakin ƙofa na hango ta, yarinyar nake gwadawa! Malam, ka ji tsoron Allah, ka rage turare."

Muka fito. Muka tsallaka titi. Muna jiran bas ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun buhun gawayi."

"Ashe kina nan." Ya sassauta murya. "To ki ji. In Alhaji ya sani, asibiti zai kai ni, ya kira yaronsa mai walƙiya, Hajiya ta shige ɗaki, a ja katanga babu hoto. Hannuna ya san aikin, kunnena ya sani. Ido kawai za ki ara mini. Kuma ba za ki faɗa ba sai bayan raina."

Na ce to. Me zan ce?

Kwanaki suka yi ta tafiya. Muka je wurare uku bayan an tashi makaranta, ko'ina babu, ko kuma ta fi ƙarfinmu. Kullum da safe Baba Alhaji zai leƙo ya ce, "Baba, ina na'urar? Ko tana jirgi?" Baba Tanimu ya ce, "Kai dai ka nemi sabulu." Ni kuwa sai ƙirga kwanaki nake yi.

Ranar Alhamis, saura kwana uku, ya ce mu tafi Tudun Jukun, a ƙasa. Tun a hanya na san inda za mu ba wurin da yake so ba ne, don sau biyu yana tsayawa kamar zai juya. Gidan marigayi Malam Garba mai hoto ne, wanda shagonsa ke kallon na Baba a da, suka shekara ashirin ba sa shan shayi wuri ɗaya.

Matarsa, Hajiya Laraba, tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Lale! Yau wa ya mutu?"

"Gaisuwa na zo, Hajiya."

"Ƙarya kake, Tanimu. Ko ta'aziyya a zaure ka tsaya. Kyamara ka zo nema, labari ya riga ka."

Ta shiga ɗaki ta fito da wata kwalla, ta buɗe. Kyamarar na naɗe cikin tsohon zani. Mummuna ce, gaskiya. Fatarta ta saɓule, gefe ɗaya ya loɓa. Baba ya sansana ya daɗe, ya ce a hankali, "Kanumfari. Ba ta taɓa ganin damshi ba." Ya miƙo mini, na duba a haske, na ce tas take. Sai ya kai ta kunne. Ya saita ta a daƙiƙa ɗaya, ya danna, ya ce "Astagfirullah." Yana rufe baki ta yi ƙyas. Ya sake, ta sake yin ƙyas daidai wurin. Haka yake auna ko injin ya gaji. Na ga murmushi na neman kufce masa, ya yi maza ya haɗe rai.

"Duk ta tsufa. Dubi fatarta."

"Kai dubi taka," in ji Hajiya Laraba. "Ni ba kuɗi ne damuwata ba. Shekara da shekaru kana yawo kana cewa Malam yana yanke wa mutane kai a hoto. Ka janye a gaban yarinyar nan, in ba haka ba ta koma kwalla."

Kun san Baba Tanimu da janye magana. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Na ce shi ke nan, mun rasa. Ya kalli sama, ya kalli ƙasa, ya gyara hula. Hajiya ta fara warware zanin za ta naɗe.

"To," ya ce. "Allah ya jiƙan Garba. Bai taɓa yanke kan mutum ba."

"Yauwa."

"Sai dai hula."

Innalillahi! Na runtse ido. Sai na ji wani sauti, na buɗe, ashe Hajiya Laraba dariya take har da riƙe ciki. "Allah ya shirye ka, Tanimu! Wallahi hoton auren 'yarmu ma ango babu hula!" Ta goge hawaye ta tura masa kyamarar. Ya miƙa mata ƙullin kuɗin, sannan ya ce, "Ki ɗan rage mini na fim." Ta rage, tana zaginsa.

Fim ɗin a wurin wata ɗaliba mai karatun zane a Samaru muka samu, guda ɗaya, baƙi da fari. Ta ce in ya cika a kawo mata ta wanke. Ranar Asabar da la'asar Baba ya kai ni bayan gida ya koya mini. In leƙa ta sama, in murɗa maɓallin gefe a hankali har abu ya fito tas. Da tsintsiya muka gwada, a jingine da bango. Ya ce in na iya ƙirga tsinkayenta, to ya yi. Abin da ya manta bai faɗa mini ba, tsintsiya ba ta motsi.

Lahadi da hantsi aka fito, mutum talatin da bakwai, kowa ya sha ado. Aka sa wa Hajiya Kaka kujera a tsakiya. Baba ya kafa kyamarar a kan ganga, rana na bayanmu, ya kifa mini turmi in hau. Ya ce da jama'a, "Wannan za ta tare mini haske ne." Ya baza hannun babbar rigarsa ya rufe maɓallin, hannuna na ƙarƙashi. Babu wanda ya kula. Ba a saba kallona ba.

Na leƙa. Ga gidanmu gaba ɗaya cikin ɗan gilashi, kowa ƙarami. Baba Alhaji ya yi gefe da yawa, rabinsa a waje.

Na raɗa, "Baba Alhaji ya matso nan," na nuna da yatsa yadda na gani.

"Alhaji, matsa can!"

Ya matsa. Ya ɓace gaba ɗaya.

"Ya fita, Baba!"

"Alhaji, ina za ka? Na ce can!"

"Can ɗin na zo!"

Na ce Goggo Asabe ta matsa, ita ma ta yi waje. Yara suka fara kuka, ana ta "dama", "hagu", "damar wa?" Gumi ya jiƙa mini hijabi. Na ce da muryar kuka, "Baba, duk inda na ce, baya suke yi."

Ya dafe goshi. "Kash! Madubi ne a ciki. Damarsu hagunki ce. Juya maganar."

Baba Alhaji ya fara fita daga layi. "Baba, ko dai akwai matsala? Bari in zo in gani."

In ya zo ya ce Baba ya nuna masa wani abu a gilashin, an gama.

"Ka taka nan," in ji Baba Tanimu da ƙarfi, "in gaya wa 'ya'yanka shekarunka nawa ka daina fitsarin kwance!"

Gida ya kwashe da dariya. Baba Alhaji ya koma da baya yana ɗaga hannu. Ina murɗa maɓalli, ina murɗawa, sai ga zanen mayafin Hajiya ya fito ɗaya bayan ɗaya.

"Ya yi," na ce.

Ƙyas.

"An gama," in ji Baba. "Kowa ya kama gabansa."

"Ɗaya?" in ji Baba Alhaji. "Ba mu ma shirya ba! A ƙara!"

"Mai ɗaukar biyu bai yarda da kansa ba."

Aka roƙe shi, har Hajiya ta sa baki. Ya naɗe kyamararsa a zani ya shige ɗaki. Washegari magina suka zo.

Kun ɗauka wahalar ta ƙare? Ai sannan ta fara. Aka ce ya kai a wanke. Ya ce fim mai goma sha biyu, an ɗauki ɗaya, a wanke? Sauran sha ɗayan wa zai biya? Sai ya cika. To, ya cika shi mana! Aka yi sunan ɗan Yaya Sani, ya ce jarirai duk kamarsu ɗaya. Aka yi bikin Anti Bilki, ya ce a bari a ga ko auren zai yi ƙarko. Amma da akuyar Hajiya ta haifi uku, da gudu ya ɗauko kyamara, shi kaɗai, ina makaranta.

Katanga ta tashi, aka yi mata filasta, kowa ya fasa ƙofarsa. Ni kuwa kullum da abin nake kwana. In na murɗa ba daidai ba fa? Babu sauran tsakar gidan da za a sake tsayawa. Hajiya ta kira shi ta ce, "Tanimu, so kake in mutu ban ga hoton nan ba?" Ya ce, "Ke da kika binne likitocinki biyu? Ki yi haƙuri, saura bakwai."

Saura shida ya yi zazzaɓin kwana uku, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar bakwai Hajiya ta sa aka kawo mata kyamarar, ta miƙo mini. Na murɗe sauran shidan a banza, ina ba shi haƙuri a zuciyata, don na san da yana nan sai unguwa ta ji mu. Yaya Sani ya kai Samaru.

Makon jiya ambulan ta iso daga Samaru da hotunan a ciki. A ɗakin Hajiya aka taru, wasu ta wannan ƙofa, wasu sai da suka zagayo ta titi. Baba Alhaji ya zaro na farko: hazo, da wani abu mai kama da ƙafar akuya. Na biyu hazo. Na uku bango ne da rabin bokiti. Ya ce a hankali, "Dama na faɗa." Hajiya ta daina jan carbi. Ni kuwa na laɓe a bayan ƙofa.

Babban yana ƙasa. Ya zaro, ya daɗe yana kallo, ya miƙa wa Hajiya da hannu biyu.

Kun gan shi, yana rataye a ɗakinta. Kowa ya fito, kowa yana dariya, har haƙorin Makkan Goggo Asabe ana gani. Baba Alhaji ne kaɗai hannu a sama, baki buɗe, kuma haka jikokinsa za su san shi. Hajiya ta shafa hoton ta ce, "Gidana ke nan."

A ƙasan hoton, a kan dandamali, akwai inuwa biyu. Da Baba Tanimu yana gani da bai taɓa bari ta shiga ba, ni kuma ban san ana dubawa ba. Doguwar mai hula kanta a miƙe yake, tana fuskantar jama'a. Ƙaramar ce ta sunkuya a kan akwatin. Baba Alhaji ya sa yatsa a wurin, ya juyo ya ce, "Wai wa ya leƙa?" Ranar sunkuyar da kai na yi, yau ga amsar. Ni ce, Baba Alhaji. Amma Baba Tanimu ne ya san lokacin dannawa, da kunne, da ya ji dariyar Hajiya.

Allah ya jiƙan Baba Tanimu, ya yafe masa taurin kai da tsokana. Allah ya haskaka masa kabarinsa, ya mayar masa da ganinsa tas, ya nuna masa abin da ya fi duk abin da ya taɓa ɗauka kyau. Amin.